Ƙarar da Rufaida Ke Jira

Anka, 6 ga Safar

Zuwa ga ɗan'uwana Abdulwahabu, mai gyaran wayar babura, bakin tashar Gummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da Inna Fa'iza da ƙafar nan tata. Mu nan alhamdu lillahi. Ta'aziyyarka ta iso ni ta bakin Sufyanu direba, Allah ya ba da lada. Yau kwana goma sha shida da rasuwar Malam.

Ka yi haƙuri da ajami, bokona bai kai na wasiƙa ba, na kuma san ka yi allo kafin ka kama sukundireba. Tunda aka yanke layin waya ba mu da wata hanya sai takarda. Maƙwabciyata Yalwa, mai ƙosai a tasha, ita za ta riƙa miƙa wa Sufyanu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne babur ɗin Malam. Yana nan ƙarƙashin rumfa inda ya jingine shi ranar da ciwon ya kama shi. Shekaranjiya na sa makulli, na danna maɓallin da na saba ganin yana dannawa, bai tashi ba. Na sake jiya, haka. Ka san abin bugawa da ƙafa ya karye tun bara, Malam ya ce a cire shi tunda ƙafarsa ba ta iya bugun. Ni ina takaba, bakanike ba zai shigo mini gida ba. Fitar da shi kuma ba ni da iko, ba a raba gado ba, Magaji ƙanen Malam yana Bukkuyum, hanya ba ta bar shi ya zo ba tun addu'ar bakwai. Na aika an tambayi liman, ya ce tayar da shi a inda yake kula ce da kayan marayu, ba laifi. In akwai abin da mace za ta iya da hannunta, ka rubuto mini dalla-dalla, ba na gajiya da karatu.

'Yar'uwarka, Hure.

A bayan takarda: Ban so in sa wannan a gaba ba. Maganar ɗiyata Rufaida ce. Ka san yadda gubar dalmar Dareta ta bar ta, shekara goma sha uku amma kalmominta ba su cika ashirin ba. Kowace safiya Malam yakan tayar da babur, ya ɗora ta a kan tanki, ya ba ta koko da ludayi yana gunji, sannan ya tafi makaranta. Tun ranar da ƙarar ta daina, ta rufe bakinta. Sai ruwa, sai abin da na ɗura mata tana kuka.

*

Gummi, 11 ga Safar

Zuwa ga Malama Hure, taubashiyata.

Wa alaikumus salam. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Malam Labbo, mutum ne da bai taɓa tsayawa a shagona bai bar mini goro ba. Mu lafiya lau. Inna ta ce in gaishe ki, ƙafar da sauƙi in ba a yi ruwa ba. Shinkafa ta fara nuna a fadama, sai tsuntsu ke ba mutane wahala.

Na karanta takardarki a tsaye, hannu duk baƙin mai. Da ba takaba kike ba da na ce yau ga jikar malamai ta zo ɗaukar karatu wurin bawanta. To, buɗe kunne, ki bi su ɗaya bayan ɗaya, kar ki tsallake.

Ki murɗa makulli, ki duba gaban babur ko wata koriyar fitila ta kama. In ba ta kama ba, ki taka giya da ƙafar hagu sama ko ƙasa har ta kama, babur ya koma firi ke nan. A hannun dama akwai jan makunni, ki tabbata ba a danne shi gaba ba, rabin masu zuwa mini da kuka shi ne ciwonsu. Sai ki danna hon, ki gaya mini ko kukansa na zakara ne ko na ɗan tsako. Sai ki matse kuloci, ƙarfen hannun hagu, ki danna maɓallin, ki kasa kunne wajen ƙarƙashin kujera. Ko shiru, ko ƙas sau ɗaya, ko ƙas-ƙas-ƙas, kowanne da ma'anarsa. Idonki kuma na kan koriyar fitilar lokacin da kike dannawa. Na ƙarshe, ki buɗe murfin gefe, kusa da batir akwai ɗan kwalba kamar gaɓar yatsa, shi ne fiyus. Ki ɗaga shi a haske ki ga ko zaren ƙarfen da ke ciki ya tsinke.

Kin yi dabara da kike son ya tashi kafin Magaji ya zo, babur mai tashi da wanda ba ya tashi ba ɗaya ba ne wurin masu saye. Ina da mutum nan da ke neman irinsa. In kin shirya ki yi magana.

Naki, Abdulwahabu.

*

Anka, 16 ga Safar

Ɗan'uwa Abdulwahabu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan wannan ta same ku lafiya. A gaishe da Inna, a ce ta riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi. Ni lafiya, sai gidan da ya yi mini faɗi. Da can nakan yi mita da hayaniyar masu zuwa ɗaukar karatu a zaure, yanzu har motsin ƙadangare a kan kwano ina ji.

Ina jin ba ka juya takardata ba. Ba na zarginka, ni ce na ɓoye maganar a baya. In tana nan ka juya ta. Ba sayarwa nake nufi ba, kuma ba nawa ba ne balle in sayar.

Na bi karatunka kamar yadda ka jera. Koriyar fitila ta kama tun murɗawar farko. Jan makunnin yana daidai, na danna shi gaba na dawo da shi sau uku don in tabbata. Hon ya yi kuka, amma na ɗan tsako ne, ɗan tsakon ma wanda ruwa ya doka. Na matse ƙarfen hagu na danna: ƙas, sau ɗaya. Kuma daidai lokacin koriyar fitilar takan mutu, in na saki ta dawo a hankali. Na yi haka sau bakwai, ba bambanci. Fiyus lafiyarsa lau, zaren yana nan a miƙe, na mayar da shi yadda na same shi.

Da hon ɗin ya yi kuka Rufaida ta fito daga ɗaki tana bin bango. Ta tsaya ta dubi babur, ta dubi ƙofar zaure, ta koma ta kwanta. Yalwa ta kawo ƙosai mai zafi ta sa mata a hannu, ta riƙe shi har ya huce. An kai ta asibiti ranar Talata, Yalwa ce ta goya ta, sun ba da wani abinci a leda mai kama da tunkuza, sun ce jikinta ba wani sabon ciwo. Shi ma sai na matse mata kumatu. Awarwaron da ke hannunta yanzu yana zamewa har gwiwar hannu.

Ina jiran amsarka. Hure.

*

Gummi, 19 ga Safar

Hure,

Na juya takardar. Na zauna a kan benci na manta da aiki, har wani mai babur ya gaji ya tura abinsa gaba. Ki yafe mini maganar mai saye.

Ga abin da gwajinki ya nuna. Makulli lafiya, makunni lafiya, maɓalli lafiya, tunda ƙas ɗin nan da kike ji saƙonki ne ya isa. Wuta ce ba ta isa. Hon da fitila kaɗan suke sha, sitata kuwa, injin da ke juya babur ya tashi, shi da yawa yake ja a lokaci guda. Ko dai batir ya mutu, ko hanyar wutar ta ƙuntata a bakin batir.

To amma batirin nan ni na sa shi da hannuna, sabo dal, kwana takwas kafin Layya. Ni na ɗaure notinsa, kuma abin da na ɗaure ba ya kwancewa don kansa. Wata biyu ba ya kashe irinsa. Saboda haka wani ya taɓa shi. A zaman makoki hannuwa suna da yawa, na ga inda aka cire sabo aka sa tsoho mutane na tsakiyar addu'a. Wa ya shiga rumfar nan? Su wa ke da hanyar shigowa gidan? Ki gaya mini gaskiya, wa ya taɓa batirin?

Abdulwahabu.

*

Gummi, 2 ga Rabi'ul Awwal

Malama Hure,

Sallama. Lafiya kuwa? Kwana goma sha biyu ba takarda. Sufyanu ya rantse ya ba Yalwa wasiƙata hannu da hannu. Na tambaye shi ko ya ji wani abu game da yarinyar, ya ce bai ji kuka a unguwarku ba, da wannan nake kwana. Na so in zo da kaina, Inna ta kama rigata ta ce in na hau hanyar nan ba da yawunta ba, kin san abin da ake yi tsakanin Bukkuyum da ku.

In maganata ce ta yi kaifi, haka muke magana a tasha, ba da ke nake ba. Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Abdulwahabu.

*

Anka, 5 ga Rabi'ul Awwal

Ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Muna raye. Rufaida tana nan, amma ba ta fitowa ko an danna hon. A gaishe da Inna, ta yi daidai da ta hana ka.

Wasiƙunka biyu sun zo. Ta farkon na karanta ta na sa ƙarƙashin buzun salla, kullum in na yi sujada ina jin ta a goshina. Na ɗauka cewa kake na sa hannu a kayan marayu, kuma abin da ya hana ni amsawa shi ne gaskiya ne. Sai shekaranjiya na yi wautar karanta wa Yalwa. Sai ta ce, “Hure, mu ne masu shigowa gidan nan. Ni da maigidana mu muka shimfiɗa tabarmi a rumfar.” Ta ɗauki kwanonta ta fita, ba ta ko tsaya na raka ta ba. Matar da ta goya mini ɗiya zuwa asibiti. Shiruna ya sa zargi ya sauka a kan wadda ba ta ci ba ba ta sha ba, wannan kuwa ba zan iya tsayawa da shi gaban Allah ba.

Ni ce na taɓa.

Washegarin addu'ar bakwai ina share rumfa, na tarar da Rufaida ta ɓalle murfin gefen, tana shafa kan batirin tana kai yatsa baki. Ka san komai baki take kaiwa. Na ga ƙarfen nan guda biyu masu launin toka. Na san launin. Malam ya taɓa ce mini abin da ke cikin batir dalma ce, na ɗauka wasa yake.

Kai ba ka Dareta a shekarar dalmar. A tsakar gidanmu maƙwabta ke daka dutsen zinariya, a turmin da muke daka gero, ƙurar tana sauka a kan tuwo muna kaɗewa da hannu. Cikin kwana tara na rufe 'ya'yana biyu, na farin wanda ba na faɗin sunansa, da Zulaihat. Masu aikin lafiya da suka zo daga baya sun kankare ƙasar gidan har taki ɗaya, suka koya mana abu guda: duk abin da ke da dalma a raba shi da hannun yaro, a rufe shi. Shekara goma sha ɗaya ban saki wannan karatun ba.

Sai na ɗauko wuƙa na kwance notin biyu, na yanko leda mai kauri ta sukari, na naɗe kowane ƙarfe ninki uku, na mayar da wayoyin a kai, na huda ledar da notin na ɗaure. Na wanke mata hannu da baki, na wanke nawa. A raina na yi aikin kirki. Ban kawo zai yi illa ba, don na ga wayar na nan, notin na nan. Ranar da na duba fiyus na ga ledar, na zarge ta, amma na ce ai bai tambaye ni leda ba. Wannan dabara ce irin wadda nake hana 'yan makaranta, Allah ya yafe mini.

Na aika wa Yalwa ta zo na faɗa mata a gaban idonta, ta ce ya wuce, ita ce ma za ta kai wannan. Yanzu ka gaya mini, ledar ce? In ita ce, to ni na hana ɗiyata abinci wata guda da hannuna. In kuma sai an cire ta babur zai tashi, ya zan yi da yatsun Rufaida? Na rasa wanda zan zaɓa.

Hure.

*

Gummi, 7 ga Rabi'ul Awwal

Yaya Hure,

Yau ba wasa tsakaninmu. Ledar ce. Wuta ba ta ratsa leda, ɗan abin da ke lallaɓawa ta jikin noti shi ke kunna miki fitila da hon, sitata kuwa ba ya ƙoshi da shi. Amma ki ji: Malam bai yi miki wasa ba, dalma ce, kuma tsoronki daidai ne. Shekara ashirin ina kankare kan batir ina cin goro da hannun, ban taɓa tunani ba sai da na karanta takardarki. Kin rufe abin da ya kamata a rufe, wurin sa rufin ne kawai ya kuskure. Ba sai kin zaɓa ba.

Sufyanu zai ba Yalwa ƙulli: sukundireba, guntun samfefa, giris a gwangwanin man shafawa, robar tub ɗin taya guda biyu da na yanka kamar hula, da noti mai tsawo.

A kai Rufaida gidan Yalwa tukuna. Ki zare makulli. Ki fara kwance baƙar waya, sannan ja. Kar ƙarfe ya haɗa kawunan biyu. Ki cire ledar duka, ko ƙyallinta kar ya saura. Ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa, ki goge kan batir da bakin wayoyin da samfefa har su yi haske, ƙarfe ya kwanta a kan ƙarfe ba komai tsakani. Wurin mayarwa ja ce farko, baƙa daga baya. Ki ɗaure har in kin girgiza waya ba ta motsi. Bayan kin ɗaure, a nan ne rufi yake: giris a sama, hular roba a kai. Murfin gefen ki kama shi da dogon notin, ko ni sai da sukundireba zan buɗe. Tsumman da samfefar da ledar ki ƙulle su ki ba Sufyanu ya kawo mini, kar su kwana gidanki. Ki wanke hannu da sabulu.

In ya tashi ki bar shi ya yi kamar tsawon karatun hizifi ɗaya, batir ya samu ya farfaɗo. In ya yi ƙas-ƙas-ƙas, zama ya rage masa ƙarfi, ki aiko shi in yi masa caji. Allah ya sa a dace.

Ƙanenki, Abdulwahabu.

*

Anka, 11 ga Rabi'ul Awwal

Ɗan'uwana Abdulwahabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna da iyali. Ga ƙullin tsumma nan wurin Sufyanu, na ninka masa leda biyu. Sukundirebar zan riƙe tukuna in ka yarda.

Jiya da hantsi na yi aikin. Baƙa, sannan ja. Ledar ta narke ta manne a gefe guda, sai da na kankare da wuƙa. Noti ya faɗi mini sau biyu cikin ƙasa. Da na gama na wanke hannu sau uku, na dama koko, na ce Yalwa ta kawo ta ta zaunar a bakin ɗaki.

Na yi bisimilla na danna. Ya yi wani nishi kamar ba zai yi ba, na biyu ya kama. Kaji suka watse. Ni kaina sai da na dafa ginshiƙin rumfa, don kwana hamsin rabona da jin wannan ƙara, kuma ban taɓa jin ta ba tare da warin turarensa a kusa ba.

Rufaida ta miƙe. Ba wurin babur ta nufa ba, zaure ta tafi, tana jan ƙafa. Ta leƙa inda buzunsa yake, ta leƙa waje. Ta daɗe a can, babur na ta gunji ba kowa a kai. Yalwa ta juya fuska tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Can sai ga ta ta dawo, ta tsaya gabana, ta ce, “Baba?”

Tun rasuwar kowa ce mata yake ya tafi makaranta, ni ma da bakina na faɗa. Jiya na kasa. Na ce, “Baba ya tafi wurin Allah, Rufaida. Ni Innarki ce na tayar.”

Ban san abin da ta gane ba. Ta dubi hannuna da ke kan maɓallin, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ɗaga hannuwanta biyu yadda take ɗaga masa. Ni da Yalwa muka ɗora ta a kan tanki, ba ta da nauyin da zai sa mutum biyu, amma muka kama tare. Ta sha ludayi huɗu. Na biyar ta kau da kai, ban matsa ba. Yau da safe ta sha bakwai, da rabin ƙosai.

Magaji ya aiko daga Bukkuyum cewa zai zo rabon gado in hanya ta yi sauƙi. Na riga na rubuta masa, na roƙi a sa babur ɗin cikin rabon Rufaida, in bai shiga ba a cika da nawa. Na faɗa masa har maganar ledar, don ya ji daga gare ni.

Tambaya ɗaya ta rage. Malam yakan murɗa hannun dama sau biyu kafin ya ba ta ludayin farko, ƙarar ta tashi ta sauka. Na ga tana jiran wannan, tana kallon hannun. Ni ina tsoron kar in murɗa ya zabura da ita a kai. Ka rubuto mini yadda ake yi, da iyakar inda zan tsaya.

Wassalam. 'Yar'uwarka, Hure.